Firimiya Ta Fi Iya Ƙwallo, Amma Zaƙin Yana Wajen 'Yan Dagaji

A kakar 2023/24 ƙungiyoyi uku suka hau gasar Firimiyar Ingila, wato Luton, Burnley da Sheffield United, kuma su ukun suka koma inda suka fito kafin shekara ta zagayo. Sheffield United ƙwallo 104 aka zura mata. Da aka shiga kakar 2024/25 sai Leicester da Ipswich da Southampton suka hau, su ma ba wadda ta kai labari. Southampton maki 12 ta haɗa a wasa 38, da nasara biyu tak, da ƙyar ta haura maki 11 na Derby County na kakar 2007/08 wanda har yau ba a yi mafi muninsa ba. Leicester ɗin su Wilfred Ndidi kuwa sai da aka doke ta sau tara a jere a gidanta ba tare da ta jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba.

To a ɗauki mutumin garin Ipswich, wanda ubansa ya fara kai shi fili tun yana goye a kafaɗa. A kakar da ta gabaci wannan, ƙungiyarsa ƙarƙashin Kieran McKenna ta tara maki 96 a gasar Championship, wato rukuni na biyu da ke ƙasa da Firimiya, bayan shekara guda kacal da haurowa daga rukuni na uku. Kowace Asabar yana barin gida da sa ran nasara, yawanci kuma ya dawo da ita. Da suka shiga Firimiya sau huɗu suka ci wasa a kaka guda. In aka tambaye shi wace shekara ce ta fi masa daɗi, ba na jin zai tsaya dogon tunani.

Ra'ayina ke nan, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: ga mai goyon bayan da ƙungiyarsa ba ta cikin manyan nan shida ko bakwai masu kuɗi, gasar rukuni na biyu ta fi Firimiya armashi. Na san abin da za a ce mini a gidan kallo. Wani zai tashi ya ce, Malam, yanzu kai da hankalinka za ka haɗa Salah da De Bruyne da 'yan dagaji? Ban haɗa ba. Wajen iya murza leda babu haɗi ko kusa. Abin da nake magana a kai shi ne abin da ke riƙe zuciyar mutum tun daga Agusta har Mayu, kuma wannan ba gwaninta kaɗai ke kawo shi ba. Rashin sanin yadda za ta kaya ne.

Daga 1992 da aka kafa Firimiya zuwa 2025, ƙungiyoyi bakwai ne kawai suka taɓa ɗaga kofin. Manchester United ta ɗauki 13, Manchester City 8, Chelsea 5, Arsenal 3, Liverpool 2, sai Blackburn a 1995 da Leicester a 2016 kowace ɗaya. Tsakanin 2018 da 2024 City ta lashe shida cikin bakwai, huɗu daga ciki a jere. Ma'ana tun kafin a busa usur ɗin farko, fiye da rabin ƙungiyoyin gasar sun san kofin ba nasu ba ne, gurbin Kofin Zakarun Turai ma da wuya. Burinsu su haɗa maki 40 ɗin nan da aka saba cewa su ne tudun mun tsira, su huta. Duba Crystal Palace. Tun da ta hau a 2013 har zuwa 2025, ba ta taɓa ƙarewa sama da ta 10 ba, ba ta kuma taɓa sauka ƙasa da ta 15 ba. Kaka goma sha biyu ana abu ɗaya. Ranar da magoya bayanta suka yi kukan murna na gaske a 2025, da Eberechi Eze ya ci City a Wembley, a kofin FA ne, ba a teburin Firimiya ba.

A Championship lissafin daban ne. Ƙungiyoyi 24 ne, kowace ta buga wasa 46, sau da yawa Asabar da Talata, ba a ba ka lokacin zama ka yi jinyar rashin nasara. A tsarin da aka daɗe ana bi, ta ɗaya da ta biyu su haye kai tsaye, ta uku zuwa ta shida su yi wasan cike gurbi a fitar da guda, uku na ƙasa su gangara. Saboda kujerar nan ta shida, za ka tarar a watan Maris ƙungiyar da ke ta 12 tana ƙirga maki da yatsu, tana cewa in muka ci uku a jere mun shiga. Kuma yana faruwa. A Satumbar 2021 Nottingham Forest ita ce ta ƙarshe a teburi lokacin da aka ɗauko Steve Cooper. A watan Mayun da ya biyo baya ta doke Huddersfield a wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley, ta koma Firimiya bayan shekara 23. Ka nuna mini ƙungiyar da take ta 20 a Firimiya a Satumba sannan ta ƙare da wani abin da za a yi biki a kansa, ban da tsira da rai.

Wanda bai taɓa ganin abin da ya faru a filin Vicarage Road ranar 12 ga Mayun 2013 ba, ya neme shi a YouTube, ba zai yi asarar datarsa ba. Wasa na biyu ne na kusa da na ƙarshe a cike gurbi, Watford da Leicester. Leicester ta ci na farko 1-0, Watford tana gaba a na biyun 2-1, jimilla an yi kunnen doki, ana cikin mintunan ƙarshe na ƙarin lokaci sai alƙali ya ba Leicester fenariti. In ta shiga, Leicester ta tafi Wembley, magana ta ƙare. Anthony Knockaert ya buga, Manuel Almunia ya tare, ya sake bi ya buga, ya sake tarewa. Kafin 'yan Leicester su gama ɗora hannu a ka, ƙwallo ta isa ɗaya ƙarshen filin, aka kwaso ta daga gefe, Jonathan Hogg ya sauko da ita da ka, Troy Deeney ya ɗaɗa ta a raga. Kimanin daƙiƙa ashirin tsakanin fenaritin da ƙwallon. Jama'a suka ɓalle suka cika fili. Abin dariyar ma, Harry Kane da Jamie Vardy duk daga benci suka fara wasan nan a ɓangaren Leicester. Watford ɗin da ta yi wannan abin mamaki ta je wasan ƙarshe Palace ta doke ta 1-0. Leicester ɗin da aka bari da hawaye ta lashe Championship a 2014, ta ɗauki Firimiya a 2016.

Ba sai an koma baya da nisa ba. A kakar 2024/25 Leeds da Burnley kowace ta haɗa maki 100 cif, bambancin ƙwallaye ne ya ba Leeds kofi. Sheffield United ta ƙare ta uku da maki 90, ta je Wembley, ta fara cin Sunderland, har mutanenta sun fara hango Anfield da Old Trafford. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Sunderland ta farke, sannan wani yaro ɗan shekara 19, Tommy Watson, ya ci ta biyu a ƙarin lokaci. Ita Sunderland ɗin ta faɗo daga Firimiya a 2017, ta sake gangarawa rukuni na uku a 2018, ta yi kaka huɗu a can, amma mutanen garin ba su daina cika fili ba. Shekara guda kafin nan Leeds ce ta haɗa maki 90 Southampton ta tare mata hanya a wasan ƙarshe da ci ɗaya mai ban haushi. Wace gasa ce za ka tara maki 90 kuma ka tashi a tutar babu?

Akwai kuma batun na'urar VAR mai taya alƙali duba bidiyo, wanda ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Tun kakar 2019/20 aka shigo da ita Firimiya. Championship ba ta amfani da ita a wasannin mako-mako, sai a wasan ƙarshe na Wembley. Duk wanda ke kallon ƙwallo ya san daƙiƙar nan da ƙwallo ke taɓa raga, mutum ya tashi sama bai san ya tashi ba, ya rungume wanda bai sani ba. Wannan daƙiƙar ce jarin ƙwallon ƙafa gaba ɗaya. Yanzu a Firimiya sai ka fara murna rabi-rabi, idonka na kan alƙali ko zai kai hannu kunne, a yi minti uku ana zana layuka a kan gwiwar mutum da kafaɗarsa. Da ma a ce hakan ya kawar da kuskure, sai a ce an biya farashi an sami kaya. A ƙarshen Satumbar 2023 aka soke ƙwallon Luis Díaz a gidan Tottenham bisa satar gida, alhali masu kula da na'urar sun ga ƙwallo ce mai kyau, rashin fahimtar juna kawai ya sa aka ci gaba da wasa. A 2024 Wolves ta kawo shawarar a jefar da na'urar, aka kaɗa ƙuri'a, 19 suka ce a bar ta, Wolves ita kaɗai. A Championship alƙali yana yin kuskure, wani lokacin mummuna, a zage shi a tafi gida. Amma in tuta ba ta tashi ba, ƙwallo ta ciwu, ka yi ihunka cikakke.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa can aljanna ce. Akwai daren Talatar da za ka zauna kallon ƙungiyoyi biyu na tsakiyar teburi, ƙwallo ta fi daɗewa a sama fiye da ƙasa, a yi ta dogon bugu ana bin ta da gudu har a tashi ba ci. Burnley ɗin da ta haɗa maki 100 ƙwallo 16 kacal aka zura mata a wasa 46, abin a yaba ne, amma wasanninta da yawa barci suke sawa. Kuma Firimiya tana da ranakunta da ba a mantawa: ƙwallon Agüero a ragar QPR a 2012, da yadda City ta farke biyu ta ƙara ɗaya a kan Aston Villa a ranar ƙarshe ta 2022, da ƙwallo 36 na Haaland a kakarsa ta farko. Wanda ba ya goyon bayan kowa, yake son ya ga an sarrafa ƙwallo kamar da hannu, Firimiya ce wurinsa, ba ni da ja.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce, babu ƙungiyar da ke son zama a Championship. Duk wutar da ke ci a gasar daga sama aka kunno ta. Abin da ya sa wasan Wembley ke sa dattawa kuka shi ne ƙofar da yake buɗewa, da kuɗin da ake ƙiyasta sun kai fam miliyan 200 ga wadda ta yi nasara. Mutumin Ipswich ɗin nan, ko ya yarda kakar hawan ta fi daɗi, in ka ce masa to ku zauna a nan har abada, faɗa za ku yi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma bai rushe maganata ba. Abin da ya nuna shi ne daɗin yana cikin neman, kuma Firimiya ta zama gasar da yawancin ƙungiyoyinta ba su da abin nema. Shi ya sa da manyan ƙungiyoyin Ingila shida suka sa hannu a shirin Super League a Afrilun 2021, gasar da masu kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba, magoya bayansu da kansu suka fito titi, shirin ya watse cikin kwana biyu zuwa uku. Ko ɗan Chelsea ya gane cewa wasan da ba a faɗuwa a cikinsa atisaye ne.

Mu nan kuma lamarinmu daban ne, kuma a nan nake ganin ake samun saɓanin fahimta. Ba a haife mu a Liverpool ko arewacin Landan ba, zaɓa muka yi, kuma mai zaɓe ba ya zaɓar wahala. Wasu sun bi Kanu zuwa Arsenal tun 1999, wasu sun bi Mikel zuwa Chelsea a 2006, wasu sun tashi sun tarar Ferguson yana kwashe kofuna suka ce nan ne gida. Mafi munin abin da zai sami irin wannan mai goyon baya shi ne ya rasa gurbin Zakarun Turai, a yi masa tsiya a majalisa da WhatsApp na mako biyu. Ko a 2024/25 da United ta ƙare ta 15, Tottenham ta 17, ba wanda ya kwana da fargabar faɗuwa da gaske, domin ukun ƙasa sun riga sun yi nisa. Rabin daɗin Firimiya a wurinmu musun ne, da zolayar aboki ranar Litinin, kuma ba za ka yi musu kan Preston da Millwall ba tunda ba wanda ya san su. Mai gidan kallo ma ba zai ƙona fetur ɗin janareta saboda mutum uku ba, kuma ban ga laifinsa ba. Lokacin da Ahmed Musa ya koma Leicester daga CSKA Moscow a 2016 an ga rigunan Leicester a gari. Nawa ne daga cikin masu rigunan suka bi ta Championship a 2023, suka ga Ndidi da Iheanacho sun ɗaga kofi da maki 97 ƙarƙashin Enzo Maresca?

Alhali 'yan wasanmu sun daɗe suna cin abinci a can. Odion Ighalo ƙwallo 20 ya ci wa Watford a kakar 2014/15 da ta hau. Okocha yana Hull City a kakar 2007/08 da ta fara shiga Firimiya a tarihinta. Kanu ya buga gasar da Portsmouth, Mikel ya buga ta da Middlesbrough da Stoke. Taurarin da ake rububi yanzu ma da yawa can aka ƙera su: Jude Bellingham yana ɗan shekara 16 ya fara a Birmingham, Eze daga QPR, Michael Olise daga Reading, Viktor Gyökeres daga Coventry. Waɗanda za su fi saurin gane abin da nake nufi a cikinmu su ne masu zuwa filin Sani Abacha. Da Kano Pillars, mai kofin gasar Najeriya huɗu, ta faɗi a 2022 tare da Katsina United, sannan suka dawo a 2023, masu cewa "Sai Masu Gida" sun ɗanɗana wani baƙin ciki da wata murna da ɗan Arsenal na gidan kallo bai taɓa sani ba.

Abin da ke damuna shi ne, cutar da ta kama sama ta fara gangarowa ƙasa. Kwantiragin nuna wasannin Firimiya a talabijin cikin Birtaniya kaɗai, wanda ya fara a 2025, fam biliyan 6.7 ne na shekara huɗu. Na ƙungiyoyi 72 na rukunoni ukun da ke ƙasa, gaba ɗayansu, fam miliyan 935 ne na shekara biyar. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana tashi da sama da fam miliyan 100. Kuma in ta faɗo ba a sake ta haka nan, ana ci gaba da ba ta kuɗin rage zafin faɗuwa: kashi 55 cikin ɗari na kason talabijin da ake raba wa kowa daidai a shekarar farko, 45 a ta biyu, 20 a ta uku in ta yi fiye da kaka ɗaya a sama. An ce don kada albashin 'yan wasa ya durƙusar da ita ne. Amma sakamakon shi ne tana shigowa Championship da aljihun da sauran ba za su iya karawa da shi ba. Norwich ta lashe gasar a 2019, ta zo ta ƙarshe a Firimiya a 2020, ta sake lashewa a 2021, ta sake zama ta ƙarshe a 2022. Fulham ta hau a 2018, ta faɗo, ta hau a 2020, ta faɗo, ta hau a 2022 da ƙwallo 43 na Mitrović. A 2024 biyu cikin ukun da suka hau, Leicester da Southampton, waɗanda suka faɗo ne shekarar da ta wuce, Leeds da ta faɗo tare da su kuma a wasan ƙarshe aka tsayar da ita. An fara samun wasu 'yan tsakiya, sun fi ƙarfin ƙasa, sama ta fi ƙarfinsu.

Waɗanda ba su da wannan tallafin kuma sai su shiga caca, su kashe abin da ba su da shi don su kamo. Derby County ta yi haka, ta karye a 2021, aka zaftare mata maki 21, ta gangara rukuni na uku duk da ƙoƙarin Wayne Rooney a matsayin koci. Wigan ta karye a 2020, aka cire mata maki 12, ta faɗi. Wani ɓangare na rashin tabbas ɗin da nake yabo, in za a faɗi gaskiya, daga irin wannan rikon sakainar kashi yake fitowa, kuma ba mai son ƙungiyarsa da zai so a nishaɗantar da 'yan kallo da rushewarta. Har yanzu dai gasar ba ta zama abin da za a rubuta sakamakonta tun Agusta ba. Luton, wadda sai a 2014 ta dawo cikin rukunonin ƙwararru, ta kai Firimiya a 2023 bayan doke Coventry a bugun fenariti, sannan duk da kuɗin tallafin ta faɗi sau biyu a jere, a 2025 ta tsinci kanta a rukuni na uku.

A Yulin 2025 Birtaniya ta kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan harkar ƙwallo a Ingila, aka kuma ba ta ikon shiga tsakani ta yanke yadda za a raba kuɗi in Firimiya da ƙananan rukunoni suka kasa daidaitawa, har da batun kuɗin rage zafin faɗuwa. Da ni za a tambaya, a rage tallafin nan sosai, a raba abin da aka rage ga duka ƙungiyoyi 24, a kuma tilasta wa kowace ƙungiyar Firimiya ta rubuta a kwantiragin 'yan wasanta cewa albashi zai sauka in an faɗi. Manyan za su ƙi, kuma ana buƙatar ƙuri'a 14 cikin 20 kafin a sauya doka a Firimiya, shi ya sa maganar ta daɗe tana jan ƙafa. Yanzu da aka sami wanda zai iya yanke hukunci ba da yardarsu ba, sai a ga ko zai yi amfani da ikon.